Yaran da Suka Ɓace a Babi na Huɗu

Misis Hellen Dogara ba ta ɗaga murya in za ta ci mutuncin mutum. Sai ta cire tabarau, ta goge shi da bakin zani, ta mayar, sannan ta yanka ka a hankali. Haka ta yi mana ranar da ta kira mu ofishinta, ni da Emilia Rufus, a shekararmu ta ƙarshe a kwalejin horar da malamai ta Kafanchan, cikin 1989.

Furojek ɗinmu, wato aikin binciken kammala karatu, yana gabanta, jan biro ya cinye shi kaca-kaca. Wannan bai dame ni ba, mun saba. Ita ce lakcarar da ta koya mana rubutun bincike, kuma tambayoyinta ba sa canjawa: wa ya faɗa, a ina ya faɗa, yaushe? In ka rubuta "kowa ya sani", sai ta zagaye shi, ta rubuta a gefe, "Ni ban sani ba." Babi na biyu kaɗai sai da muka sake shi har mai tafireta na bakin ƙofar kwaleji ya fara ɓuya in ya hango mu.

Ita ce ma ta haɗa ni da Emilia. Tun bayan rikicin addini na 1987 ajinmu ya rabu biyu ba tare da kowa ya ce a rabu ba, Kirista gefen taga, mu gefen ƙofa. Misis Hellen ta ce ba a ajinta ba. Ta haɗa mu bibbiyu, ta kuma kafa doka: ba mai yin bincike a cikin mutanensa, don abin da ka riga ka yarda da shi za ka rubuto. Batunmu shi ne yawan yaran da ake sakawa makaranta a gidajen Kwoi da gidajen unguwarmu ta Hausawa a Kafanchan. Ni aka tura Kwoi. Na sauka a ɗakin uwar Emilia, na sha hawan babur a hanyoyin gona, na dawo kayana duk warin citta. Ita kuma Emilia ta bi gidajen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar iyaye mata.

"Babi na huɗu," in ji Misis Hellen. "Na ɗauki gidajen Kwoi na kai wa hedimastan can, komai ya yi daidai. Na ɗauki na Kafanchan na kai wa hedimastan firamaren unguwar. Gida bayan gida, akwai yaro a aji, amma babu shi a aikinku. Ba gida ɗaya ba, ba biyu ba. Ina yaran suka tafi?"

Muka dubi juna.

"Ni na san inda suka tafi. Gindin mangwaro."

Duk ɗalibin kwalejin ya san gindin mangwaro. Akwai wata ƙatuwar bishiya bayan ɗakin kwanan mata, nan malalata suke zama su cike amsoshin bincike da kansu, suna canja biro, suna karkata rubutu don a ce mutane daban-daban ne. Wanda aka kama, kora ce, ba maimaita shekara ba.

"Ranar Litinin kwamitin ladabtarwa zai zauna," ta ce. "Sunayenku biyu ne a bangon aikin nan, ku biyu zan miƙa. Ku tafi."

Ko matakalar ofis ban bari mun gama sauka ba na juya kan Emilia. Ni dama bakina ba ya da linzami, gidanmu ma sun sani.

"Kin kashe ni, kin huta ko? Shekara uku ina shan wahala a nan, rana da ruwan sama, ki zo ki zubar min da shi saboda lalaci. Ni na shiga gidajenku, na zauna kusa da aladunku ban ce uffan ba. Ke kuwa tsoron gidajenmu kika ji? Cinye ki za mu yi?"

"Zahra'u, ki saurara."

"Ko da gangan kika rage? Don a rubuta a littafi, a ɗaure da bango mai kyau, a ce Hausawa ba sa sa yara a makaranta? Abin da kuke faɗa a bayanmu ke nan dama."

Wannan ta shige ta. Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta yi kuka ba, ita ma ba kanwar lasa ba ce.

"Ubangiji shi ne shaida nawa," ta ce, da irin Hausarsu ta Kwoi. "Kowane gida na shiga. Abin da mata sun gaya mini, shi na rubuta. Har gida naku na shiga, Mama naki ya ba ni tuwo. Ki je ki tambaye shi."

"Ai kuwa yanzun nan. Wuce mu tafi."

Muka tako har unguwarmu, ta bayan tashar jirgi. Muka tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗen garin masara. Tana ganin Emilia ta washe baki.

"A'a, 'yata ce? Maraba, maraba. Kin guje mu. Ya mutanen Kwoi? Humaira, kawo wa yayarku tabarma."

Ni ko kallo ban samu ba. Ban damu ba a lokacin, don haka muke tun ina ƙarama.

"Inna, yarinyar nan ta zo gidan nan da takarda ta yi miki tambayoyi?"

"Ta zo mana," ta ce, tana kallon rariya. "Har ta ci tuwo. Yarinya mai ladabi, ba irin wasu ba."

Na ce wa Emilia, "To sake tambayarta abin da kika tambaye ta. A gabana."

Emilia ta durƙusa. "Mama, yara naki nawa ne?"

Inna ta yi dariya. "Ke 'yar nan, ai na gaya miki ba a ƙirga mutane kamar awaki. Akwai dai Ubaidullahi, yana sakandare. Akwai Irfan. Akwai Aisha Humaira, ga ta nan. Sai auta Asibi, ba ta isa shiga makaranta ba tukuna."

"Shi ke nan, Mama?"

"Shi ke nan abin da Allah ya bayar."

Ina tsaye a gabanta, inuwata a kan garin da take tankaɗewa.

Emilia ta ɗago ta dube ni, ta dubi Inna. "To Zahra'u fa, Mama?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Wannan? Ai ta Goggo ce."

Nan kaina ya yi dum. Ni ce 'yar fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta sa shi a lissafi. Kunya ce, kuma mace mai kunyar ɗan fari abar yabo ce. Ni tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Goggo, yayar babanmu, ita ta riƙe ni har ta rasu. A bakin Inna sunana "ke", ko "wannan", ko "ta Goggo". Ashe haka Emilia ta sha a kusan kowane gida. Ba yaran da suka ɓace, 'ya'yan fari ne iyayensu mata suka tsallake, ita kuma baiwar Allah ta rubuta abin da ta ji.

"Na ɗauka ke yarinyan ɗan'uwa ne da ake riƙo," in ji Emilia da muka fito zaure. "Kunya ya hana ni tambaya."

Ban ba ta haƙuri da baki ba, ban iya ba. Na saya mata rake a bakin hanya, ta karɓa, ta gane.

Washegari da sassafe muna ƙofar ofishin Misis Hellen. Na zayyana mata komai, ina murna kamar wadda ta tsinci abin da ya ɓata. Ta saurara har na gama, sannan ta cire tabarau.

"Na san da kunyar ɗan fari, ba a Ingila aka haife ni ba. Amma a ce mace ta ga takardar makaranta, ta ga biro, ta tsallake ɗanta? A gida bayan gida? Labari ne mai daɗi. Na sha jin masu daɗi a kujerar nan. Wa ya faɗa?"

"Ma, ni na faɗa. A kaina aka yi."

"Ke ce ake tuhuma, ba ki zama shaida ba. Kuma wa ya rubuta tambayar da aka yi musu?"

Ni na rubuta ta. Daga wani littafin Turawa na laburare na kwafo, na juya ta Hausa.

"Ke 'yar fari ce, a unguwar kika tashi, kika ba baƙuwa tambayar da matan unguwarku ba za su amsa daidai ba. In labarinki gaskiya ne, to wannan ya fi gindin mangwaro ban haushi."

Har yau ban yarda laifina ne ni kaɗai ba. Tambayar nan ta bi ta ƙarƙashin jan bironta tun a babi na uku, ba ta ce komai ba. Na buɗe baki zan faɗa, Emilia ta taka min ƙafa.

"Ga abin da zan yi," in ji Misis Hellen. "Ranar Asabar zan zo gidanku. Matar da ta ba da amsar farko ita za ta gyara ta, da bakinta, a kunnena. Ba maƙwabciya ba, ba ƙannenki ba, don ba su aka tambaya ba. In ta ce ta rage ɗaya, ta faɗi ko wace ce, na yarda da sauran gidajen, ku sake aikin. In ba ta faɗa ba, Litinin tana nan."

Na koma gida ina tafasa. Na sami Inna tana gyaran alayyafo a bakin murhu, na zauna kusa da ita, abin da ban saba ba. Na yi mata bayani dalla-dalla, na sassauta murya iya yadda zan iya. Na ce magana ɗaya ce kawai, ta ce ni 'yarta ce, ta faɗi sunana, shi ke nan.

"Ki tashi min a nan da zancen banza."

"Inna, kora ta za su yi."

"To ni na aike ki ki rubuta ƙarya?"

"Ke kika faɗi ƙaryar ai."

Ta ajiye wuƙa. Ban taɓa gaya mata magana irin wannan ba, amma na riga na ɓalle.

"Eh, ƙarya ce. Huɗu gare ki? Ni daga sama na faɗo? Kin ga 'yar Kwoi sau biyu kin ce mata 'yata. Ni shekara ashirin da biyu ina cikin gidan nan, ina ɗebo ruwa, ina goya 'ya'yanki, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ranar da na ci jarrabawar shiga kwaleji Goggo ta yi guɗa har muryarta ta dishe, ke kika shige ɗaki kika ja labule. Yanzu Goggon tana ƙasa. In ta Goggo ce ni, to ba ni da kowa ke nan. Wace irin kunya ce wannan da za a kori mutum daga makaranta a kanta?"

Ba ta dube ni ba. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka.

"Uwata ba ta taɓa kama sunan yayana ba har ta koma ga Allah," ta ce a hankali. "Kuma da ya kwanta ciwo, ita ta sayar da ɗan kunnenta. Ke boko ya gaya miki sai an faɗa da baki."

"Malamarmu sai an faɗa da baki."

"To ki gaya mata ba a gidan nan ba."

Na je wurin Baba a shagon ɗinkinsa. Yana jin inda maganar ta dosa ya ƙara wa keke gudu, ya ce wannan zancen mata ne. Shi ma ai ɗaya ne, "yarinyar nan" yake ce min.

Ranar Asabar da hantsi Misis Hellen ta iso a tsohuwar Bitil ɗinta, Emilia a gefenta. Mota a ƙofar gidanmu ba ƙaramin abu ba ne. Kafin su gama sallama matan maƙwabta sun fara shigowa, wannan aron turmi, waccan neman wuta, duk suka tsaya a gindin katanga. Har da tsohuwa Hajiya Delu, wadda in ta ga abu da hantsi, kafin azahar ya kai garin Godogodo.

Inna ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo kunun zaƙi. Misis Hellen ta gaishe ta da Hausa mai kyau, ta tambayi maigida da yara, ta sha kunun. Sannan ta buɗe jaka ta fito da babi na huɗu da jan biro.

"Maman yara, ɗalibata ta zo nan kwanaki, kin ba ta sunayen 'ya'yanki. Ubaidullahi, Irfan, Aisha Humaira, Asibi. Haka ne?"

"Haka ne, Malama."

"Akwai wanda aka manta?"

Inna ta sunkuyar da kai.

"Wannan da ke tsaye fa?" Ta nuna ni da biro.

"Ta Goggo ce."

"Goggo ce ta haife ta?"

Wata a cikin matan ta yi ƙaramar dariya. Misis Hellen ta jira, ta ƙara jira, sannan ta rufe biro ta mayar da takardun cikin jaka.

"To, na gode da kunu. Ku biyu, sai Litinin."

Ta miƙe. Emilia ta rufe fuska da hannu biyu. Na riga na fara tunanin yadda zan kwaso akwatina daga ɗakin kwana in ratso unguwar nan da shi a ka.

"Malama."

Muryar Inna ce, amma kamar daga cikin rijiya. Ta juya fuskarta ga bango, ta ja mayafi har goshi.

"Ki ƙara ɗaya."

Misis Hellen ta tsaya. "Na'am?"

"A takardar taki. Ki ƙara ɗaya. Kada ki kore ta. Ba ta yi ƙarya ba, ni na rage."

Hajiya Delu ta tafa hannu ta kama haɓa. "Yau ga sabon salo," ta ce, ba ma a ɓoye ba. Na ga wuyan Inna ya jiƙe da gumi. Matar da ake kwatance da ita a unguwa, in za a yi wa amarya faɗa a ce ta yi koyi da kunyarta, ga ta an titsiye ta a tsakar gidanta, a gaban masu aron turmi.

Misis Hellen ta koma ta zauna, ta buɗe biro. "Mace ko namiji?"

"Mace."

"Ke kika haife ta?"

Kai kawai Inna ta gyaɗa.

"Sunanta?"

Shekara ashirin da biyu ina jiran wannan. Na sha kwanciya a ɗakin Goggo ina ƙiyasta yadda zai fito a bakinta, ko za ta ja shi gaba ɗaya, Fatimatuzzahra'u, ko za ta gutsure shi kamar kowa. Ga shi ya zo. Na ga ta dafa bango da hannu ɗaya, ta buɗe baki.

"Fa..."

"Ya isa!"

Ni ce na faɗa, ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba.

"Ma, ya isa haka. Sunana yana bangon furojek ɗin da ke hannunki, da manyan baƙaƙe, ke kika ce a buga shi haka. Kin tambaya, ta amsa. Me kuma kike nema, ta tuɓe miki zani? Ki kai ni kwamitin. Ki kore ni yau ma, kada ki jira Litinin. Amma ba za a ƙara yi wa uwata tambaya a gidan nan ba." Na juya kan 'yan katanga. "Ku kuma mai turmi ta ɗauki turmi, mai wuta ta ɗebi wuta. Ba biki ake ba."

Suka fice sumui-sumui, Hajiya Delu tana gunaguni. Misis Hellen ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Na ce a raina shi ke nan, na ƙarasa kaina da bakina. Sai ta soke huɗu da jan biro, ta rubuta biyar. Ta durƙusa har ƙasa a gaban Inna, da girmanta da digirinta.

"Maman Zahra'u, ki yafe ni. Aikina ne ba shi da kunya."

Inna ba ta juyo ba. Ta tashi ta shige ɗaki ta ja labule.

A bakin mota Misis Hellen ta miƙo mana babin. "Ku sake bin gidajen, ku biyu tare. Ku nemi tsohuwar gidan ku tambaye ta, ko ku ce wa uwar, akwai wanda ake jin kunyarsa? Kai kawai za ta gyaɗa, ya ishe ku. Kuma ku rubuta a babi na uku yadda tambayar farko ta yaudare ku, kada ku ɓoye. Shi ne abu mafi amfani a aikin nan gaba ɗaya." Ta tayar da mota, ta leƙo. "Ke kuma, bakin nan naki, Allah ya taimaki ɗalibanki."

Muka sake bin gidajen, yaran da suka ɓace suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ba a kai mu kwamiti ba. Furojek ɗin ya wuce, da jan biro a kowane shafi kamar kullum, muka karɓi satifiket ni da Emilia rana ɗaya.

Inna ta yi kwanaki ba ta fita ko ƙofar zaure ba, don unguwa ta samu abin taunawa. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ta koma "ke" da "wannan" kamar ba abin da ya faru, haka muka zauna har Allah ya karɓi abarsa. Wani lokaci in ina gyaran rubutun ɗalibaina sai haushi ya taso min, in rasa wa zan ji wa, Misis Hellen ko Hajiya Delu ko wannan bakin nawa. Da na yi shiru na daƙiƙa ɗaya da na ji sauran. Abin da na samu daga bakin uwata ke nan duk tsawon rayuwarta, "Fa", kuma ni na hana ta ƙarasa.